Yadda masu kantunan Amurka ke auna ƙuri'un 'yan majalisa, da abin da makin ke ɓoyewa

A Amurka, idan aka yi ƙuri'ar kiran suna, ko a Majalisar Wakilai mai kujeru 435 ko a ta Dattawa mai kujeru 100, sunan kowane ɗan majalisa da abin da ya zaɓa suna fitowa a shafin majalisa. Daga wannan rajistar ce ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke tsamo ƙuri'un da suka shafe su, su yi lissafi, su ce wane yana tare da mu kashi 90 cikin ɗari, wance kuma kashi 30. Masu kantuna, wato masu sayar wa jama'a kaya kiri, suna cikin masu bibiyar 'yan majalisa ta wannan hanya. Babbar ƙungiyarsu, National Retail Federation, wadda aka fi sani da NRF, an kafa ta a 1911, kuma tun 2013 tana ba 'yan majalisar da suka tsaya mata lambar yabo da take kira Hero of Main Street. Tana duba ƙuri'unsu, da ƙudurorin da suka sa wa hannu, da irin fafutukar da suka yi.

Irin wannan maki gaskiya ne, amma gaskiyar ƙuri'un da aka zaɓa aka saka a lissafi ce kawai. Wanda ya zaɓi ƙuri'un ya riga ya yanke rabin hukuncin tun kafin a fara ƙirga.

Ga yadda aikin ke tafiya. A farkon kowace sabuwar majalisa, wato duk bayan shekara biyu, ƙungiya kan fitar da jerin buƙatunta. Idan ƙudurin da ya shafi ɗaya daga cikinsu ya kusa zuwa zaure, sai ta aika wasiƙa ofishin kowane ɗan majalisa, ta bayyana matsayinta, ta kuma sanar cewa za ta iya saka wannan ƙuri'ar a lissafinta. Wasiƙar ita ce makamin, domin kafin ƙuri'a take isa, ba bayanta ba. Bayan an kaɗa, sai a raba adadin ƙuri'un da ɗan majalisa ya yi daidai da matsayin ƙungiyar da jimillar waɗanda aka zaɓa. A nan ake samun bambancin tsari: wasu ƙungiyoyi kan cire ranar da ɗan majalisa bai halarta ba daga lissafi gaba ɗaya, wasu kan ba wata ƙuri'a nauyi fiye da wata, wasu kan ƙara maki saboda sa hannu a ƙuduri. Ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwa ta NFIB kan ba da lambarta ga wanda ya kai kashi 70. Majalisar 'Yan Kasuwa ta Amurka kuwa ta sauya nata tsarin a 2019: ƙuri'u kashi 80, jagorancin ƙudurori kashi 10, haɗin kai da ɗaya jam'iyyar kashi 10. Saboda haka ba a kwatanta makin wata ƙungiya da na wata kai tsaye, ko ma makin ƙungiya ɗaya kafin sauyin tsari da bayansa.

Su kansu masu kantunan ba baki ɗaya suke magana ba. Akwai NRF, akwai RILA ta manyan kamfanoni irin su Target da Home Depot da Best Buy, akwai NACS ta shagunan gidajen mai, akwai ƙungiyoyin masu kantunan kayan abinci. Wani lokaci buƙatunsu na karo da juna. NRF ta yi adawa da ƙudurin mayar da mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 15 a awa, wanda Majalisar Wakilai ta amince da shi a watan Yulin 2019 da ƙuri'a 231 da 199. Amazon kuwa tun a 2018 ta kai nata mafi ƙarancin dala 15, ta kuma fito tana neman a ɗaga na tarayya, wanda ke tsaye a dala 7.25 tun 2009. Ba tausayi kaɗai ba ne: kamfanin da ya riga ya biya 15 zai so a tilasta wa abokan gasarsa su biya haka. Ɗan majalisar da ya goyi bayan ƙarin ya saɓa wa ƙungiyar, amma ya yi daidai da ɗaya daga cikin manyan masu sayar da kaya kiri a ƙasar.

Ƙuri'un da ke nuna jam'iyya, da waɗanda ke nuna mutum

Buƙatun masu kantuna a Washinton ba su da wuyar ganewa: harajin kamfanoni ya sauka, kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su ya yi sauƙi, kada a ƙara wa ƙungiyoyin ƙwadago ƙarfi, a rage la'adar da bankuna ke cira idan aka biya da kati, a sa masu sayarwa ta intanet su karɓi haraji kamar mai shago, a tsananta wa masu satar kaya a kantuna. Sai dai ƙuri'un da ake yi a kan waɗannan ba darajarsu ɗaya ba wajen gane ɗan majalisa.

Ƙuri'un haraji da ƙwadago kusan ba sa gaya maka komai sai jam'iyyar mutum. Dokar haraji ta Disambar 2017, wadda ta sauke harajin kamfanoni daga kashi 35 zuwa 21, ta wuce Majalisar Dattawa da 51 da 48, kuma babu ɗan Dimokurat ko ɗaya da ya goyi bayanta a majalisun biyu. Masu kantuna sun so ta ƙwarai, domin ribarsu a cikin gida take, ba su da hanyoyin rage haraji irin na kamfanonin magani ko na fasaha. Ƙudurin PRO na ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago, wanda suka yi adawa da shi, ya wuce Majalisar Wakilai a Maris 2021 da 225 da 206, 'yan Rifablikan biyar kaɗai suka bi, ɗan Dimokurat ɗaya ya ƙi. Idan aka cika lissafi da irin waɗannan, sakamakon zai ce duk ɗan Rifablikan aboki ne, duk ɗan Dimokurat abokin gaba ne, abin da kowa zai iya faɗa ba tare da ƙirga komai ba.

Akwai kuma ƙuri'un da kusan kowa ke cewa e. Yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Meziko da Kanada ta wuce Majalisar Wakilai da 385 da 41 a Disambar 2019, ta Dattawa da 89 da 10 a Janairun 2020. Dokar gyaran harkar jiragen ruwan dakon kaya ta 2022, wadda ta biyo bayan cunkoson tashoshin ruwa da tsadar kwantena, ta samu 369 da 42 a Majalisar Wakilai. Waɗannan kan ɗaga makin kowa ne kawai. Amfaninsu yana wajen duba 'yan tsirarun da suka ce a'a.

Ƙuri'un da ke da nama su ne waɗanda suka raba kowace jam'iyya gida biyu, kuma babba a cikinsu ita ce ta la'adar kati. Duk lokacin da mai saye ya biya da kati, bankin da ya ba shi katin yana cire wani abu daga kuɗin mai shago, kamfanonin Visa da Mastercard ne kuma ke tsara yawan abin da za a cire. A watan Mayun 2010 Sanata Dick Durbin na jihar Illinois ya kawo gyara a ƙudurin Dodd-Frank na garambawul ɗin harkar kuɗi, wanda ya umarci babban bankin ƙasar ya kafa iyaka a kan la'adar katin cire kuɗi daga asusu, ga bankunan da dukiyarsu ta kai dala biliyan 10. Gyaran ya wuce da 64 da 33, da goyon bayan 'yan Rifablikan 17, yayin da wasu 'yan Dimokurat suka ƙi. Kafin dokar, matsakaicin abin da ake cira a kowane ciniki kusan santi 44 ne. Babban bankin ya kafa iyakar santi 21, da kashi 0.05 cikin ɗari na kuɗin cinikin, da ƙarin santi 1 na hana zamba, daga 1 ga Oktoban 2011. A cinikin dala 40, wannan ya kama santi 24.

A nan masu kantuna da bankuna ne ke fuskantar juna, kuma dukansu manyan masu kamun ƙafa ne, dukansu suna da rassa a kowace mazaɓa. Ɗan majalisa ba shi da inda zai fake da jam'iyya. Shi ya sa lokacin da Sanata Jon Tester na Montana, ɗan Dimokurat, da Sanata Bob Corker na Tennessee, ɗan Rifablikan, suka nemi a ɗage fara aiki da iyakar a watan Yunin 2011, ƙuri'ar ta zama gwaji na gaske. Sun samu 54 da 45, suka faɗi, domin 60 ake buƙata.

(Nasarar ma ba ta zo wa kowa daidai ba. Bayan an kafa iyaka, kamfanonin katin sun janye rangwamen da suke yi wa ƙananan ciniki, sai mai sayar da kofin shayi na dala biyu ya koma biyan fiye da abin da yake biya a da. Ƙuri'ar da aka rubuta a matsayin ta masu kantuna ta taimaki mai babban ciniki, ta ɗan cuci mai ƙarami.)

Ƙuri'a ta biyu da ta raba jam'iyyu ita ce ta harajin sayarwa ta intanet. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1992 ya hana jiha tilasta wa kamfanin da ba shi da ofis ko rumbu a cikinta ya karɓar mata harajin ciniki, sai mai shago ya zama yana ƙara haraji a farashinsa, mai sayarwa daga nesa ba ya ƙarawa. A ranar 6 ga Mayun 2013 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin gyara wannan da 69 da 27. 'Yan Dimokurat biyar da suka ƙi duk daga Montana da Oregon da New Hampshire suke, jihohin da ba su da harajin ciniki na jiha, waɗanda 'yan kasuwarsu za su zama masu karɓar haraji ga wasu jihohi ba tare da tasu ta samu ko sisi ba. Jiha ce ta yi magana a nan, ba jam'iyya ba. Ƙudurin ya mutu a Majalisar Wakilai ba a kaɗa masa ƙuri'a ba, kuma a ƙarshe Kotun Ƙoli ce ta warware batun a Yunin 2018 a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, da rinjayen alƙalai 5 da 4.

Yanzu a ɗauki waɗannan sanatoci biyu na jam'iyya ɗaya, Durbin da Tester, a yi musu lissafi. Wannan lissafin misali ne, ba makin da wata ƙungiya ta fitar ba. Ƙuri'u huɗu: ɗage iyakar kati a 2011, harajin intanet a 2013, dokar haraji ta 2017, da yunƙurin Sanata Bernie Sanders na saka albashin dala 15 a ƙudurin tallafin korona a Maris 2021, wanda ya faɗi da 42 da 58. Durbin ya yi daidai da masu kantuna a biyun farko, ya saɓa musu a biyun ƙarshe: kashi 50. Tester ya saɓa musu a ukun farko, amma yana cikin mutum takwas na ɓangaren Dimokurat da suka ƙi yunƙurin Sanders: kashi 25. A ƙara ƙuri'u uku da dukansu suka ce e, wato yarjejeniyar ciniki ta 2020, da dokar CARES ta tallafin korona ta Maris 2020, da ƙunshin kasafin kuɗi na Disambar 2022, sai Durbin ya koma 5 cikin 7, kashi 71, Tester 4 cikin 7, kashi 57. A bar ƙuri'ar dokar haraji ta 2017 da ta albashi kaɗai, sai Durbin ya tashi da sifiri, Tester da kashi 50. Mutanen ba su sauya ba, ƙuri'unsu ba su sauya ba. Kuma wanda zai iya samun sifirin nan shi ne mutumin da ya rubuta dokar la'adar kati, ya kasance cikin jagororin ƙudurin harajin intanet, ya kuma kawo ƙudurin gasar katin bashi tare da Sanata Roger Marshall na Kansas a 2022.

Abin da ba ya barin sawu

Matsala mafi girma ita ce manyan nasarorin masu kantuna da yawa babu ƙuri'ar da ta rubuta su. A 2017 Kakakin Majalisar Wakilai Paul Ryan da shugaban kwamitin haraji Kevin Brady sun so a kawo tsarin da zai hana kamfani cire kuɗin kayan da ya shigo da su daga waje kafin a lissafa masa harajin kashi 20. Ga kantin da ke sayar da tufafi da takalma da kayan lantarki na Asiya, harajin zai iya cinye ribar baki ɗaya. Masu kantuna sun yi gangami, sun zuba kuɗi a tallace-tallace, wasu sanatocin Rifablikan suka nuna ba za su bi ba, aka janye shawarar a ƙarshen Yulin 2017. Ba a taɓa kai ta zaure ba. A shekarar kuma, an cire sashen da zai soke dokar Durbin ta la'adar kati daga ƙudurin sassauta dokokin bankuna kafin a kai shi zauren Majalisar Wakilai, domin shugabanni ba su so a tilasta wa 'yan jam'iyyarsu zaɓa tsakanin banki da kanti a bainar jama'a. 'Yan majalisar da suka yi wannan aikin a ɗakin taro ba su samu maki ko ɗaya daga rajistar ƙuri'u ba.

Sai batun ƙuri'ar murya. Dokar haraji ta 2017 ta zo da kuskuren rubutu da ya sa mai kantin da ya gyara cikin shagonsa zai riƙa cire kuɗin gyaran daga haraji a tsawon shekara 39 maimakon 15. An gyara wannan a dokar CARES, wadda Majalisar Wakilai ta amince da ita da murya, babu sunan kowa. Mai bibiyar majalisar Najeriya ya san wannan sarai, inda akasarin ƙudurori ke wucewa da masu cewa e da masu cewa a'a, shugaba ya buga guduma. Rarrabuwa da kiran suna, kamar wadda Majalisar Dattawa ta yi a Yulin 2021 kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma rashinsa ne ke sa irin wannan lissafin ya yi wuyar yi a can.

Sai kuma cusa ƙaramar doka cikin babban ƙunshi. Dokar INFORM, wadda ta wajabta wa kasuwannin intanet tantance duk mai sayarwa da ya yi ciniki 200 ko fiye, na dala 5,000 ko fiye a cikin wata 12, don toshe hanyar sayar da kayan sata da na jabu, ta zama doka ne a cikin ƙunshin kasafin kuɗi na kusan dala tiriliyan 1.7 a Disambar 2022. Wanda ya ƙi ƙunshin saboda yawan kashe kuɗi bai ƙi INFORM ba, wanda ya amince da shi saboda kuɗin soja ko tallafin Yukiren ba lallai ya damu da ita ba. Saka irin wannan ƙuri'a a lissafi kuskure ne, barinta kuma yana nufin dokar ba ta bayyana ko kaɗan.

Don cike wannan giɓin ne ƙungiyoyi ke ƙirga sa hannu a ƙuduri. Amma sa hannu yana da arha. Ɗan majalisa na iya sa suna a ƙudurin da ya san ba zai taɓa zuwa zaure ba, ya karɓi lambar yabo, banki ma bai ji haushinsa ba. Ƙudurin gasar katin bashi, wanda zai tilasta wa bankunan da dukiyarsu ta haura dala biliyan 100 su bar mai shago ya zaɓi tsakanin aƙalla hanyoyin biya biyu, ɗaya ba ta Visa ko Mastercard ba, har majalisar 2023 zuwa 2024 ta kammala wa'adinta ba a kaɗa masa ƙuri'a ba. Abin lura a sa hannu shi ne lokacinsa: wanda ya sa ranar da aka gabatar da ƙuduri daban yake da wanda ya sa ana saura wata biyu zaɓe.

Mai son duba ɗan majalisa da kansa ya fara da takardar bayanin tsarin ƙungiyar, ya ga ƙuri'u nawa aka ƙirga. Idan ba su wuce huɗu ko biyar ba, ƙuri'a ɗaya na iya motsa maki da kashi 20 ko 25. Sannan ya ɗauki lambar kowace ƙuri'a ya buɗe ta a shafin majalisa, ya karanta ainihin tambayar da aka kaɗa a kai. A nan ake yawan tuntuɓe. E a 2011 tana nufin adawa da masu kantuna, domin tambayar ta ɗage doka ce. Ƙuri'ar Sanders ta 2021 a zahiri kan jingine ƙa'idar kasafin kuɗi aka yi ta, saboda haka wani zai iya cewa ƙa'ida ya kare, ba albashi ya ƙi ba. A Majalisar Dattawa, ƙuri'ar rufe muhawara mai buƙatar 60 ta fi ta ƙarshe nauyi, kuma akwai masu cewa e a farkon, a'a a ƙarshen, su gaya wa kowane ɓangare abin da yake son ji. Shugaban masu rinjaye kuwa kan sauya ƙuri'arsa zuwa a'a idan ya ga ƙuduri zai faɗi, domin wanda ke ɓangaren da ya yi rinjaye ne kaɗai ke da damar neman a sake dubawa. Mai lissafi da na'ura zai rubuta shi a matsayin maƙiyin ƙudurin da shi ne ya kawo. Bayan haka a kwatanta makin mutum da matsakaicin na 'yan jam'iyyarsa, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce tasa. A duba kwamitin da yake, da kamfanonin da ke da hedikwata a jiharsa: Walmart a Arkansas, Target da Best Buy a Minnesota, Walgreens a Illinois, manyan ofisoshin katin bashi a Delaware da South Dakota.

Kuɗin kamfe yana rubuce a hukumar zaɓen tarayya, kuma asusun siyasa na kamfani ko ƙungiya ba ya ba ɗan takara fiye da dala 5,000 a kowane zaɓe. Ganin gudummawa kusa da ƙuri'a bai isa ya nuna an saye mutum ba, domin ƙungiyoyi kan ba wanda ya riga ya yarda da su. Abin da ke da ma'ana shi ne sauyin matsayi, kamar sanatocin da suka amince da gyaran Durbin a 2010, sannan suka goyi bayan ɗage shi a 2011. Haka kuma dacewa da buƙatar masu kantuna ba ta nufin dacewa da buƙatar mai saye ko ma'aikacin kanti. Har yau ana gardama kan yawan rarar la'adar kati da ta sauka a farashin kaya, kuma ƙuri'ar da NRF za ta yaba a kan ƙwadago ita ce ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO za ta rubuta da ja a nata lissafin. Alƙaluman da ake tallata buƙatun da su ma sai an tace: a Disambar 2023 NRF ta janye iƙirarin da ta buga cewa satar gungu ce ke jawo kusan rabin asarar kaya ta dala biliyan 94.5 da aka yi a 2021, bayan an gano babu bayanan da ke bayansa.

Kuɗin fito, wanda tun 2018 yake cikin abubuwan da suka fi taɓa aljihun masu kantuna, kusan ba ya shiga wannan lissafin. Harajin da aka ɗora wa kayan Sin a 2018 da 2019 ɓangaren zartarwa ne ya ɗora shi ƙarƙashin sashe na 301 na dokar ciniki ta 1974, na farkon 2025 kuma ƙarƙashin dokar ikon gaggawa ta 1977. A Afrilun 2025 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar soke dokar ta-ɓacin da aka jingina harajin kayan Kanada a kai, ta wuce da 51 da 48, 'yan Rifablikan huɗu suka bi: Susan Collins, Lisa Murkowski, Mitch McConnell da Rand Paul. A Majalisar Wakilai kuwa tun a watan Maris an saka wani sashe cikin ƙa'idar gudanar da muhawara da ya ce sauran kwanakin zaman shekarar ba za a ƙirga su a matsayin kwanaki ba a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, abin da ya toshe hanyar tilasta ƙuri'a. Mai neman matsayin ɗan Majalisar Wakilai kan wannan harajin a lokacin sai ya je ya duba yadda ya kaɗa a kan waccan ƙa'idar, wadda a rajista aka rubuta ta a matsayin ta shigar da ƙudurin kasafin wucin gadi zaure.